Ranar da Tormod Ya Kai Gogensa Wuta

Tormod MacAskill yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A ƙauyenmu na bakin teku, can tsibirin Skye, sana'arsa ta kowa ce: kamun kifi, noman dankali, da 'yan tumaki. Amma ba da wannan aka san shi ba. In ka ce mai goge, har tsallaken ruwa an san wanda kake nufi.

Gogen gadon kakanmu ne. Waƙoƙin kuwa daga bakin kakarmu ya kwashe su, na mazan jiya, na waɗanda teku ta ci, da waɗanda mata ke yi in suna bugun saƙar ulu. Bai san ko baƙi ɗaya ba, duk a ka suke. Ga shi da bakin tsiya. Ranar aurena ina cikin rawa ya dakata da kiɗa ya ɗaga murya:

"Barabal, taka a hankali! Ƙafafun nan su ne kaɗai dukiyar angon naki."

Na ce, "Yaya, ka ji da gogenka, kukansa kamar na akuyar da ta rasa ɗanta."

Calum Ja, babban amininsa, wanda ba a kai shi rawa a duk yankin, ya yi dariya har ya faɗa kan tukunyar miya.

Bayan 'yan shekaru aka turo mana sabon fasto, Rankin. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin kirki ne. Da harshenmu yake wa'azi, ba kamar na da ba, wanda ya fi sanin karnukan farautarsa da mu. Shi ya koya wa yaranmu karatu. Ya raba maza da yawa da kwalbar giya, matansu suka huta da duka. Sai dai a wurinsa waƙar da ba Zabura ba ƙarya ce, goge kuwa muryar Shaiɗan ce. Mutane suka yi ta tuba suna kuka a fili. Calum Ja ya riga kowa, har aka naɗa shi dattijon coci, ya daina ko murmushi. Peigi matar Tormod ma ta tuba, kuma da zuciya ɗaya ta yi.

Tormod bai yi faɗa da kowa ba. Ran Lahadi yana coci, ran biki yana kan kujerarsa. In Calum ya tare shi a hanya sai ya ce, "Calum, ƙafarka ta hagu fa ba ta tuba ba. Jiya na ga tana motsi."

Peigi ta binne 'ya'ya biyu tun suna jarirai. Ta uku ta zo bakwaini, 'yar mitsitsiya, kukanta ma sai ka kasa kunne. Tormod ya tafi neman a yi mata baftisma, kada ta mutu ba a yi ba. Ni na raka shi, don Peigi ba ta iya tashi.

Fasto ya tarbe mu da mutunci, Calum na zaune gefensa. Ya ce, "Tormod, uba ne ke ɗaukar alkawari a madadin ɗansa. Yaya zan karɓi alkawari daga hannun da ke kiɗa wa mutane hanyar wuta?"

"Ranka ya daɗe, yarinyar ba ta taɓa kiɗa komai ba."

"Ba da ita nake ba, da kai nake."

Tormod ya juya wajen amininsa. "Calum, ba za ka ce komai ba?"

Calum ya dubi ƙasa ya ce, "Ran Alhamis za a hura wuta a bakin ruwa. Duk mai kayan banza ya kawo."

Da muka koma gida Peigi ba ta roƙe shi ba. Da ma ta roƙa, da ya sami abin musu. Kallonsa kawai take yi, jaririyar na ƙirjinta tana numfashi sama-sama.

Ran Alhamis da hantsi gari ya taru. An kawo sarewa, an kawo algaitu masu jakar iska, an kawo goge daga ƙauyuka, aka tara su kamar itacen girki. Tormod ne ya zo ƙarshe. Ya sa rigarsa ta Lahadi, ya rungumo gogen cikin mayafin kakarmu. Wani saurayi ya miƙa hannu zai karɓa, ya ce, "Bari, ba ka san yadda ake riƙe shi ba." Ya kwance mayafin ya ba ni, ya sassauta tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Na tambaye shi dalili daga baya, ya ce ba ya so ya ji ƙarar tsinkewarsu. Da hannunsa ya ɗora shi. Jama'a suka ɗauki Zabura, shi kuma ya tsaya har itacen ya zama toka, sannan ya wuce wajen kwale-kwalensa.

Ran Lahadi aka yi wa yarinyar baftisma, aka sa mata Kirsti. Ta rayu, ta yi ƙiba, ta zama mai surutu kamar ubanta na da.

Na ce na da, domin daga ranar Tormod ya zama wani mutum. Bai yi fushi ba, bai bar coci ba, bai taɓa ɗora wa Peigi laifi ba. Bakin ne kawai ya mutu. Ko a teku, inda maza ke waƙa su daidaita tuƙi, shi shiru. Kirsti ta tashi ba ta taɓa jin muryarsa a waƙa ba. Wata rana ta dawo daga rijiya ta ce, "Gwaggo, wai da gaske Baba makaɗi ne? Baban nan namu?" Ta yi ta dariya, ta ɗauka tsokana ce.

Sai shekarun yunwa suka zo, dankali ya ruɓe a ƙasa. Fasto Rankin ya sayar da dokinsa ya sayo mana gari, ya tsaya gaban wakilin mai ƙasa ya faɗa masa gaskiya lokacin da aka fara tashin mutane daga gonakinsu don a zuba tumaki. Bai hana ba. Kirsti da mijinta suna cikin waɗanda aka ɗora a jirgin Kanada. Tormod ya raka su bakin ruwa, ya dafa kanta. Peigi ba ta kai shekara biyu a bayanta ba ta rasu. Fasto ma ya rasu, kuma Tormod na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Ni ma mijina ya riga ya rasu, sai na koma gidan Yaya ina dafa masa. Muna nan, mun tsufa, wata rana da rani sabon fasto, yaro mai fara'a, ya shigo da wani baƙo daga Edinburgh. Ya ce malamin jami'a ne, yana yawo tsibiri-tsibiri yana tattara tsofaffin waƙoƙi za a buga littafi, kuma ko'ina ya je sunan Tormod ake ba shi.

"Baba," in ji faston, "wannan dukiyar al'ummarmu ce. Bai kamata ta ɓata ba."

Tormod ya dube shi. Sannan ya ce, "Ɗana, a bakin ruwan can aka ce mini na Shaiɗan ne. Shaiɗan ɗin ne ya tuba, ko kuwa?"

Faston ya sunkuyar da kai. Baƙon ya ce ko guda ɗaya ce a taimaka masa.

Na zaci zai kore su. Sai na ga ya gyara zama, ya rufe ido, yatsun hagunsa suna motsi a kan gwiwa. Ya ɗauko wata ta kakarmu, ta matar da ke jiran jirgin mijinta. Muryar ta fito a dishe. Ya yi baiti ɗaya, ya shiga na biyu, ya tsaya. Ya koma farko, ya sake tsayawa a wuri ɗaya.

"Barabal, me ke biye?"

Wallahi na nema na rasa. Ni ma tun ranar wutar ban sake rera ta ba.

Ya buɗe ido ya ce wa baƙon, "Ka makara, malam. Da akwai su da yawa." Hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Suka yi sallama suka fita a sanyaye.

Kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Nakan ji shi a bayan gida yana gyaran raga yana gunguni, yana laluben baitin. Da sanyi ya shigo ƙirjinsa ya kama, bai tashi ba.

Calum Ja ya zo jana'iza, jikokinsa na riƙe da shi, don ya makance. Da aka gama ya sa aka kawo shi inda nake. Ya kama hannuna ya riƙe, na jira in ji abin da zai ce. Can ya ce, "An yi sanyi bana, Barabal." Na ce an yi. Aka juya da shi gida.

Faston ne ya rubuta wa Kirsti. Amsarta ta iso bayan an gama shuka. Ta ce 'ya'yanta biyar yanzu, kuma ba ko ɗaya da ke jin harshenmu sosai.