Ruwan Bagaruwar Gwaggo Hajara

Wata Laraba ce da hantsi, ana tsakiyar yankan gero, ina 'yar shekara bakwai, Inna ta miƙo mini kunun tsamiya. Ina kurɓa na fashe da kuka. Ta kama haɓata ta juya ni wajen rana, ta jawo leɓena na ƙasa, sai ga fararen ƙuraje uku, kowanne da ja a kewaye. Karo na huɗu ke nan tun faɗuwar damina.

Baba ba ya gida, don Nasara ba su daɗe da zuwa ba, sun sa an ɗebi maza aikin hanya. Abin da ya tayar wa Inna hankali shi ne ɗan maƙwabtanmu a nan gindin duwatsun Dutse, wanda ciwo ya fara masa a baki, ya cinye kuncinsa, ya rasu kafin kaka. Ni ma na sani. In an aike ni rijiya, sai in ajiye tulu in yi ta shafa kumatuna in ji ko sun huje. Na bar gaɗa, na bar tsintar dabino da ƙawayena, tuwo ma sai dai kallo.

Gwaggo Hajara, yayar Baba, ita ta tako da ƙafa tun daga Buji da ta ji labari. Ko ruwa ba ta sha ba ta buɗe bakina ta sunsuna, ta daɗe. "Babu wari," ta ce da Inna. "Ba wancan ba ne, kwantar da hankalinki." Ta daka busasshiyar bagaruwa daga bishiyarmu ta bayan gida, ta tafasa da sassaƙen marke, ta sa ni kurkure baki safe da yamma. Baurinsa har cikin kunne. In na tofar, ta ɗiga mini zuma da gashin kaza. Ta hana ni barkono da duk wani abu mai tsami. Rana ta shida na cinye malmalar tuwo guda, Inna ta shige ɗaki tana share ido.

Ƙurajen sun riƙa dawowa har na girma, sai dai tsoron bai dawo ba. Yanzu jikokina asibiti ake kai su, na kuma gode wa Allah. Amma inda bagaruwarmu take an yi gidaje, masu sanin sassaƙe kuwa duk sun kwanta dama. Ban taɓa tambayar Gwaggo wa ya koya mata ba.