Tankin Malam Lawal da Ƙafata ta Dama

Ranar wata Asabar ce cikin kaka, shekarar da nake aji biyar na firamare, amalanken shanunmu ya kife da ni a hanyar gonarmu ta Fakuwa. Ina zaune can saman dammunan gero ina cin gyaɗa, taya ɗaya ta faɗa zaizayar ruwa, sai kawai na ga sama ta juya. Ƙarar karyewar cinyata ta riga zafin isowa gare ni. Baba ya kwance rawaninsa ya ɗaure ƙafar da karan dawa, ya tare mota a bakin titi, muka wuce asibiti a Kankia, daga nan aka tura mu Katsina. A can aka yi mini aiki, aka sa ƙarfe a cikin ƙashin.

Tun daga wannan rana Baffa Iro, yayan Baba, ya ƙullace mu. Shi ne maɗorin yankinmu, har daga Yashe ake kawo masa karaya, kuma a ganinsa kai ɗiyar ƙanensa asibiti tozarci ne a idon jama'a. Bai zo duba ni ba ko sau ɗaya.

Da ciwon ya rufe, gwiwar ta ƙi lanƙwasawa, ƙafar ta rame kamar muciya. Ina daga kan tabarma nake kallon ƙawayena suna 'yar gala-gala a tsakar gida, ko tsinken tsintsiya ba a bari in ɗauka. Wata ma'aikaciyar gashin ƙashi a asibitin ta gaya wa Inna cewa in za a samu ruwa mai tsabta da zai kai mini ƙirji, in riƙa tafiya a ciki kullum har wata uku, domin ruwa yana ɗauke nauyin jiki, ƙafa ta koyi aikinta ba tare da azaba ba. Ta hana mu kududdufi saboda tsargiya. Baba ya yi ta cigiya har ya dace da Malam Lawal, wani mai lambu a gefen Kankia, wanda yake da babban tankin siminti da inji ke cikawa daga rijiya. Mutumin bai nemi komai ba, cewa ya yi mu riƙa zuwa da hantsi kafin ya saki ruwan cikin kwamin albasa.

Kowace safiya Baba ya ɗora ni da Inna a babur. Inna takan ɗaure zani a ƙirji ta shiga tare da ni, ta riƙe hannuwana tana ja da baya, ina binta taku-taku daga bango zuwa bango. Ruwan da sanyi, ƙasan da santsin gansakuka, ƙanshin albasa da tumatir ya cika wurin. A cikin tankin nan na fara tsayawa da ƙafafuna biyu ba sanda. Nakan kama bakin tankin in durƙusa a hankali, Inna tana cewa, "Ƙara kaɗan, Saude, jiya kin fi haka." Cikin mako uku gwiwar ta soma saki, har na fara lissafin ranar komawa makaranta.

Sai Baffa ya shiga kasuwa da bakinsa. Ya bi masu sarin kayan miya ɗaya bayan ɗaya yana gaya musu wai ana wanke ruɓaɓɓen miki a ruwan da ake ba albasar Malam Lawal, wai ƙarfen Nasara yana tsatsa a jikina yana zuba a ciki. Ciwon da ya warke sarai, tabo kawai ya rage! Masu saye suka janye. Wata safiya muka iso muka tarar an rufe tankin da kwanon rufi an danne da duwatsu. Malam Lawal ya fito kansa a ƙasa, ya ce wa Baba, "Ka yi haƙuri, Malam, da lambun nan nake ci da iyalina."

Ban taɓa jin haushin Malam Lawal ba. Wanda ya ƙona mini rai bayan Baffa shi ne Baba. Inna ta roƙe shi ya je ya tunkari yayansa, ko ya kai maganar gaban mai unguwa, ko ya kai ni kasuwar a ga tabon da ido. Ya ce ba zai yi sa-in-sa da wanda ya goya shi ba. Da yamma ma sai da ya je gaishe shi kamar kullum. Ni kuwa aka mayar da ni tabarma, Inna tana tausa gwiwar da ruwan ɗumi a roba, ina ihu, gwiwar tana ƙara ƙagewa.

Yau ina koyarwa a wata firamare a Kusada, da 'ya'ya uku. Ina tafiya, amma gwiwar ba ta kai rabin lanƙwasa ba. Miƙe da ƙafa nake zaman tahiya, tsuguno kuwa ban sake yi ba tun ina shekara goma sha ɗaya. In na ga ɗalibaina mata suna tsalle a filin makaranta, nakan tuna yarinyar da saura mata wata biyu da 'yan kwanaki a cikin ruwa, manya biyu suka hana ta, ɗaya da girman kai, ɗaya da kunya.

Baffa ya rasu shekarun baya. Na je zaman makoki, na yi masa addu'a tare da kowa. Da aka ce duk wanda ya ɓata wa ya yafe masa, mata suka amsa baki ɗaya, ni ban buɗe nawa ba. Har yanzu ina roƙon Allah ya ba ni ikon buɗe shi.