Bajon da Baba Kan Cire

Jiya na tsinci bajon jam'iyyar Baba cikin adakarsa, duk ya yi tsatsa. Zamanin Turawa, yana mai unguwa a Sabon Birni, in an kawo ƙara sai ya cire shi ya tura ƙarƙashin tabarma.

Ranar da ya ba wani Bafulatani gaskiya a kan ɗan jam'iyyarsu da ya nome burtalin shanu, 'yan siyasa suka ƙaurace wa zaurenmu. Na kai tuwon mutum goma, na iske shi shi kaɗai.

Na ce, "Baba, ba su zo ba."

Ya ce, "Ɗiyata, unguwa aka ba ni, ba jam'iyya ba. Zauna ki taya ni ci."

Miyar har ta huce. Allah, kada ka bar shi shi kaɗai a kabari.