Gaisuwar da Ta Hana Mma Kujerarta

Mun tashi da asuba daga Kumasi, ni da maƙwabciyata wadda ta rantse ba za a yi wannan abin alheri babu ita ba. Jama'a, kun ga hotunan da na sa kafin tafiya ina ta washe baki, kuma da yawanku kun tambaye ni abin da ya sa na yi tsit tun da na dawo. To yau zan faɗa.

Ga waɗanda ba su sani ba, ƙanwata da ke koyar da fiziks a Tamale tana cikin waɗanda aka zaɓa a ba kyautar kimiyya ta ƙasa, kuma bana a Tamale aka kai taron. A kan randa ta yi bincikenta. I, randar ruwa da kuka sani. Shekara uku tana zarya zuwa Kukuo, gidan yayar mahaifiyarmu da muke kira Mma, wadda take ginin tukwane tun kafin a haife mu. Ƙanwata tana cusa ma'aunin zafi cikin randuna tana rubutu, Mma tana nuna mata yadda ake cuɗa yumɓu da ƙaiƙayin shinkafa, har suka dace da haɗin da ke sanyaya ciki sosai, a ajiye magani ko kayan miya babu lantarki. Mahaifiyarmu ta rasu, don haka abu ɗaya ƙanwata ta roƙa a duniya: Mma ta zauna a sahun gaba ranar da za a kira ta.

Kuɗin mota ya sake hawa, ba wanda ya yi mana bayani, kuma kujerar da aka ba mu ta mutum ɗaya da rabi ce. Har Techiman hanya ba laifi, in ka cire manyan motocin tumatir da ke tafiya kamar titin na ubansu ne. A Kintampo aka tsaya cin abinci. Soyayyar doya yanka huɗu sidi goma, a garin da doya take jibge a bakin titi kamar itacen wuta! Na yi mita, na saya, na ci, kuma wallahi yajin ya yi daɗi. Daga nan itatuwa suka fara gajarta, buhunan gawayi suka yi layi, kaɗanya ta fara bayyana, na san gida ya matso. A gadar Buipe mata suka rufe motar da tiren soyayyen kifi. Maƙwabciyata ta sayi ƙulli biyu ta ɗora a cinya, haka muka sha ƙarni har muka wuce Yapei.

Bayan azahar muka shiga Tamale, rana kamar ta sauko ƙasa. Yalo-yalo, wato keke mai ƙafa uku na haya, ya kwashe mu zuwa unguwar Nyohini, yana kutsawa tsakanin matan da ke tuƙa babur da goyo a baya da kwanon kaya a gaba. A gidan Kawu muka sauka, ƙanin mahaifiyarmu, shi ne babban namiji a dangi yanzu. Matarsa ta tare mu da tuwon zafi da miyar ayoyo da naman zabo, na ci har na kasa miƙewa. An riga an ɗauko Mma daga Kukuo, tana zaune a tabarma tana ta shafa sabon zanen da za ta ɗaura.

Da la'asar ƙanwata ta zo daga Kasalgu inda take zaune. Ta ja ni gefe ta danƙa mini katin gayyata na mutum biyu. Ta ce, "Yaya, ni tun takwas za a shigar da mu. Mma amana ce a hannunki. Ƙarfe goma za a fara, tara da rabi ku kasance a ƙofa, don Allah." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai ni ce.

Washegari ƙarfe takwas mun shirya tsaf, mun sha koko da ƙosai, Mma ta ɗaura zanenta ta yafa farin mayafi. Sai ga Kawu ya fito cikin batakarinsa, rigar saƙi mai nauyi, da ƙullin goro a hannu. Ya ce ba a fita karɓar girma irin wannan sai an bi manya an sanar da su baki da baki, kada gobe wani ya ce a rediyo ya ji. Kuma dole Mma ta bi, tun da ita ce uwa. Na nuna masa katin. Ya yi dariya ya ce, "Ke 'yar Kumasi, kin taɓa ganin taron manya da aka ce goma aka fara goma? Sha biyu ma kujeru za su riƙa jerawa."

Nan ne ya kamata in ce a'a, amma ban ce ba. Na sunkuyar da kai na ce, "To, Kawu."

Wanda bai san gaisuwar Tamale ba, bari in gaya masa. Ba a tsaye ake yi ba. Za ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, a tambaye ka kwana ka ce "naa", a tambaye ka gida ka ce "naa", a tambayi sanyi, a tambayi gajiya, a tambayi mutanen da ka baro da waɗanda suka mutu bara. Sannan a kawo ruwa, kuma ba a ƙin ruwa. Sannan a fasa goro. Sai bayan haka Kawu zai gyara murya ya faɗi abin da ya kawo mu, tun daga ranar da aka sa ƙanwata makaranta. Mun yi gidan mai unguwa, mun yi gidan liman, liman ya yi addu'a mai tsawo, Allah ya saka masa. Na duba waya, tara da kwata. Na matsa na raɗa wa Kawu, ya ɗaga mini hannu ko kallona bai yi ba. Daga nan sai gidan wani tsoho da ya ce abokin kakanmu ne, wanda bai ma gane wace yarinya ake magana ba. Sai gidan surukan Kawu, don wai in aka tsallake su akwai magana. Mma da gwiwoyinta masu ciwo tana durƙusawa tana tashi. Wayata tana ta rawa a jaka, ni kuwa kunya ta hana ni ɗauka a gaban manya. Kunya fa!

Goma da rabi ta wuce muka isa ɗakin taron, yalo-yalo uku cike da dangi. Ƙofa a rufe. Ashe mutanen da aikinsu ke nan auna daƙiƙa ba sa wasa da agogo, kuma ana watsa taron kai tsaye a talabijin. Wata budurwa mai riƙe da takardar sunaye ta ce an hana buɗe ƙofa da zarar an fara ɗauka. Na nuna kati, na roƙa, na yi Turanci, na yi Tiwi, na yi Dagbanci, na ɗaga murya har masu gadi suka matso. Na ce tsohuwar nan da hannunta aka yi binciken da ake tafa wa a ciki! Ta ce ta gane, ta ga sunanta ma a kujera, amma ba ita ke da makulli ba. Raina ya ɓaci da ita, ya ɓaci da wanda ya kafa dokar da ba ta da ramin da tsohuwa ɗaya za ta wuce. Amma ko a lokacin na san ba su suka makarar da mu ba.

Akwai lasifika da aka sa a waje, wajen ajiye motoci. Muka zaunar da Mma a kan wani bulo ƙarƙashin darbejiya, tsakanin direbobi da masu sayar da ruwan leda. Aka kira mutum biyu, aka tafa. Sai aka kira ƙanwata. Muka ji muryarta tana godiya da Turanci, tana bayanin yadda zafi ke fita ta ƙananan ƙofofin jikin randa. Can sai ta juya harshe zuwa Dagbanci, ta ce, "Mma, malamata, tashi ƙasa ta gan ki."

Mma ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta gyara mayafinta, ta tsaya sak tana fuskantar bangon ɗakin. A ciki shiru ya yi tsawo, ana jiran wanda zai tashi. Muka ji ƙanwata ta sake cewa, "Mma?" da wata irin murya da ban taɓa jin ta da ita ba. Sai mai gabatarwa ya karɓe, aka yi tafi sama-sama, aka wuce. Wani direba da ke kusa ya cire hularsa. Ni kuwa kuka na fashe da shi kamar ƙaramar yarinya.

Da aka fito, ƙanwata ta wuce mu duka ta durƙusa gaban Mma ta ɗora mata lambar a cinya. Mma ta ce mata da Hausarta ta kasuwa, "Ka kira, na tashi. Shi ke nan." Ni kuwa, ƙanwata ko kallona ba ta yi ba. Kawu ya ce Allah bai nufa ba. Nan na manta da tarbiyyar da aka yi mini, na ce, "Kawu, kar ka ɗora wa Allah. Kai ne, da ni da na bi ka." Har na bar garin bai amsa gaisuwata ba, kuma ban je ban haƙuri ba.

Bayan kwana biyu muka kamo hanyar dawowa. Kifin Buipe bai ba ni sha'awa ba, doyar Kintampo ma ban sauka ba, maƙwabciyata ta gaji da jana da hira ta yi barcinta. Magariba muka shiga Kumasi.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne. Ba na ƙin gaisuwa, da ita aka raine ni, da ita zan mutu. Amma manyan nan da muka bi suna nan a gidajensu, da yamma ma da mun same su, da washegari ma. An ba ni amana, na tsaya ina lissafin kada a ce ba ni da kunya, na bar tsohuwa ta miƙe wa bango. Ƙanwata tana ɗaukar wayata, muna gaisawa, ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ba a ba mutum kyautar nan sau biyu, kuma Mma ta haura tamanin.