Kalmar da Dunoma Ya Ji a Kogi

Dunoma mai fito ne a Gashuwa, a wurin mahaifinsa ya gaji sana'ar, kuma ruwa bai taɓa cin kowa a hannunsa ba sai daminar 1964. Ran nan kogi ya kawo, kwalekwale ya daki kututture ya kife. Dunoma ya cafko wata tsohuwa mai tallan nono da hannu ɗaya, ɗayan yana kokawa da ruwa. Kusa da shi akwai Gregory, malamin gona mutumin kudu, wanda kullum suke barkwanci da Hausa. Amma a cikin ruwa Hausar ta ɓace masa. Ya ɗago kai ya dubi Dunoma ya ƙwala ihu, "Girif! Girif!" Ya so ya ƙara wani abu, ruwa ya cika masa baki. Ko gawarsa ba a gani ba.

Tsohuwar ta rayu. Dunoma kuwa ya ajiye filafili ya koma Nguru, ya shiga dakon buhunan gyaɗa da busasshen kifi a tashar jirgin ƙasa. Kalmar ta bi shi can. Yana jin ta a ƙarar tayoyin jirgi, yana jin ta idan matarsa Falmata na tsiyayar ruwa a randa. Tashar cike take da masu jin Turanci, amma tsoron amsar ya hana shi tambaya.

Bayan shekaru ƙofar tarago ta datse masa hannu. Da aka kwance bandeji, malamar asibiti, Perpetua, ta miƙo masa yatsunta biyu ta ce, "Girif."

Dunoma ya ɗago kai ya dube ta.

"Sista, me kika ce?"

"Yi haƙuri, Baba, Turanci ne. Damƙe, riƙe da ƙarfi. In ga ko hannun ya warke."

"Shi ke nan ma'anarsa?"

"Ana faɗa ma idan zazzaɓi ya kama mutum, ko tsoro."

Sai ya ba ta labarin kogin. "To ni yake cewa in riƙe shi, ko tsohuwar yake cewa kada in saka?"

Perpetua ta daɗe tana kallon hannunsa. "Baba, kalmar kaɗai ba ta faɗa. Sai da abin da ya biyo bayanta."

"Ban ji shi ba."

A shekarar fari, da kogi ya ƙafe, Dunoma ya je Gashuwa. Ya taka yashi da ƙafa har tsakiya, ya tsaya inda yake zaton nan ne kwalekwalen ya kife, rana na dukansa. Bai samu komai ba sai sawun kofaton shanu. Ya dawo Nguru ya ci gaba da dako har ƙarfi ya ƙare. Jikokinsa sukan ƙi bin sa kasuwa, wai in ya kama musu hannu za a tsallaka layin dogo, har a kai gida shatin yatsunsa bai baje ba.