Baba Bari-In-Duba da Rabin Izini

Sunan ya samo asali daga bakinsa. Rediyo, fanka, agogon bango, komai ya gani sai ya ce, "Bari in duba." Yawanci lafiyarsu ƙalau kafin ya duba ɗin.

Ya tsufa yana gyaran kwamfutoci a wani ofishi. Da ya yi ritaya, hannu ya ƙi yin ritaya. Autarsa ta saya masa kwamfuta don ya rage zaman kaɗaici, bai yi wata ba ya gyara ta har ta daina tashi. Auta ta sa aka farfaɗo da ita, ta riƙe kalmar sirrin babban izini, ta bar masa ɗan ƙarami. Abin ya ƙona masa rai matuƙa.

Kullum da safe sai ya kunna manhajar binciken lafiyar na'ura. Ta duba nan, ta duba can, tana zuwa rabi sai ta tsaya tana neman izinin da ba shi da shi. Ya miƙe, ya leƙa taga, ya dawo, ya buga tebur. Rabin da bai gani ba shi ke hana shi sakat.

Sai ya kira Auta.

"Wai ni za ki kulle wa ƙofa? Ni da na koya miki riƙe linzamin kwamfuta?"

"Baba, me ya lalace?"

"Ina zan sani, an hana ni dubawa!"

Daga ofishinta takan shiga kwamfutar ta intanet ta buga kalmar. Kafin binciken ya ƙare ta tambayi gwiwarsa, ya tambayi jikokinsa. Tun rasuwar mahaifiyarta, wannan faɗan ne kaɗai hirarsu. Shi dai bai iya kiran mutum haka kawai ba.

Ran nan aiki ya sha mata kai. Ta ce, "Baba, don Allah ga kalmar, ka huta in huta." Ta faɗa masa, ta kashe waya.

Nan take ya buga. Binciken ya tafi tiryan-tiryan har ƙarshe: babu matsala. Ya maimaita, babu matsala. Bai taɓa jin haushin lafiyayyar na'ura irin na ranar ba. Gidan ya yi tsit, sai ƙarar firij.

Washegari ya ɗauki waya ya ajiye, ya sake ɗauka. Me zai ce? Can ya sunkuya bayan tebur, ya zare igiyar linzami da hannunsa, sannan ya kira.

"Auta, linzamin nan ya ƙi motsi. Ban san dalili ba."

Nan da nan ta gano shi. Tsohon da ya ƙare rayuwarsa a bayan tebura, wai bai san dalili ba.

"Mayar da abin da ka zare, Baba," ta ce a hankali. "Ina jin ka. Ka karya kumallo kuwa?"