Ƙoƙon Kan da Na Kai Gida a Shekarar Fari

Shekarun baya, lokacin ina jami'a, aka shiga yajin aiki, na tattaro na dawo ƙauyenmu a wajen Kunci. Shekarar ba daɗi. Ruwa ya sauka an yi shuka, sai ya ɗauke, geron ya ƙone tun yana ƙarami. Abin da ya rage a rumbu shi ne ɗan irin da mahaifina ya ware. Shi yana so ya sake yin binne, wato ya shuka a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa, mahaifiyata kuwa tana so a daka mu ci da ƙannena.

Ni kuma, kar ku yi dariya, abin da na dawo da shi a kwali ƙoƙon kai ne. Na roba, kwafin wani da aka tono a hamadar Nijar, na wata dabba mai kama da kada amma dangin kwaɗi ce ta can zamanin da. Malamina ne ya ara min. Aikina in bi ɗinkin da ke haɗa ƙasusuwan, in duba inda ramin ido da na hanci suka zauna, in faɗi gidan da dabbar ta fito. Mutane na neman na tuwo, ni ina zaure ina auna goshin kakan kwaɗo.

Wata la'asar mahaifina ya shigo ya zauna kusa da ni.

"Ɗan boko, wannan ne karatun?"

"Shi ne, Baba."

Ya karɓa ya jujjuya. Na nuna masa wasu 'yan kwaruruka da suka zagaye ido suka gangaro hanci. Na ce da su dabbar take jin motsin ruwa, duk wadda aka ga tana da su, to a ruwa ta rayu. Ya bi su da babban yatsa a hankali.

"To a hamada ka ce an tono ta."

"A da akwai ruwa a wajen, Baba."

"Ina ruwan ya tafi?"

Na ce ya ƙafe. Ya ce, "Ya dawo?" Na ce a'a. Wallahi da na ga fuskarsa sai na yi nadamar faɗin haka. Na hau bayani, wai abin ya daɗe ƙwarai, wai ba irin farinmu ba ne. Bai ma saurare ni ba. Ya shafa kansa ya ce, "Ita dai an gane 'yar ruwa ce. Mu in an tono namu, me zai nuna manoma ne?"

Ya ajiye ƙoƙon ya fita.

Washegari ya ɗauki irin, mahaifiyata tana cewa, "Malam, ka dubi yaran nan," bai juyo ba. Na bi shi da sungumi, ina sara yana zubawa yana rufewa da diddige. Ruwa bai zo ba. Tsuntsaye da tururuwa suka cinye. Kafin kaka ya sayar da gonar ga wani ɗan kasuwa, muka koma birni gidan ƙanensa, inda ya yi gadi har ƙarfinsa ya ƙare.

A ciwonsa na ƙarshe ni nake tallafe kansa in ba shi ruwa. Wata rana na tsinci yatsana yana bin goshinsa yana gangarowa gefen ido, yadda na saba yi wa ƙoƙon nan. Na yi sauri na janye hannu, na fita waje na yi kuka.

Yau ni nake koyar da wannan darasi. Ina gaya wa ɗalibai ƙashi ba ya ƙarya, kuma haka ne, amma abin da yake faɗa kaɗan ne. Duk shekara in na zo kan kwarurukan nan sai zuciyata ta karye. Na shafa kan mahaifina da hannuna, babu ko alamar gona a jikinsa.